Tashar jirgin ƙasa ta Dosso: ko a buɗe ta domin masu aiki a Yamai?

Wannan nazari ya samo asali ne daga wata muhawara da ta ɗauke mu makonni a fadarmu, wato majalisar hirarmu ta yamma a Yamai, inda yawancin masu zama ma'aikata ne da ƴan kasuwa ƴan asalin jihar Dosso, wasu daga Dogon Dutsi, wasu daga Gaya, wasu kuma iyalinsu na zaune a cikin garin Dosso kansa. Wani malamin makaranta daga cikinmu, wanda maiɗakinsa da ƴaƴansa huɗu suke Dosso shi kuma yake hayar ɗaki guda a unguwar Talladje, ya kawo shawarar mu rubuta takardar koke zuwa ga hukuma a buɗe tashar jirgin ƙasa ta Dosso, a sa jirgi mai tasowa da asuba ya koma da dare, domin shi da ire-irensa su riƙa kwana a gidajensu suna aiki a babban birni. Da yake na yi shekaru a ofishin wani kamfanin sufuri, inda lissafin kujeru da mai da kuɗin tikiti shi ne aikina na kullum, sai aka ɗora mini nauyin duba maganar kafin kowa ya sa hannu.

Ban ɗauki buƙatar malamin da wasa ba. Mutumin da yake biyan haya a Yamai yana kuma ciyar da gida a Dosso tukunya biyu yake ɗorawa da albashi guda, kuma tarbiyyar ƴaƴansa ta koma ta wayar tarho. Duk lokacin da ya hau motar gida, yana hango ƙarafunan dogo ta taga suna bin gefen hanya, babu abin da ke wucewa a kansu sai awaki da masu tafiya a ƙasa. Dole ransa ya tambaye shi dalilin da ya sa abin da aka riga aka gina ba zai yi masa amfani ba. Tambayar mai kyau ce, amma amsarta tana da tsawo, kuma sai an koma baya kafin a same ta.

Yadda layin ya zo, da yadda ya tsaya

Nijar ta fita daga mulkin mallaka ba tare da ko taku ɗaya na layin dogo ba, alhali layuka biyu an faro su ne da sunan za su iso gare ta. Wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936 bayan kilomita 438, wanda kuma ya taso daga Abijan, da ake kira layin Abijan zuwa Nijar, ya isa Wagadugu a 1954 bai ƙetaro iyakarmu ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jiragen ƙasa tsakanin Dahomey, wato Benin ta yau, da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN, kuma a ƙarƙashinta kayan Nijar suka yi shekaru suna hawa jirgi daga bakin teku zuwa Paraku, a sauke su a loda wa manyan motoci, su biyo ta Malanville da Gaya da Dosso su iso Yamai. Wato ƙasar ta yi fiye da rabin ƙarni tana da hannun jari a kamfanin jirgin ƙasa ba tare da jirgi ya taɓa taka ƙasarta ba.

Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka ƙaddamar da tashar Yamai, a gaban Shugaba Mahamadou Issoufou da takwarorinsa Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo, tare da attajirin Faransa Vincent Bolloré, wanda kamfaninsa ya ɗauki nauyin aikin. Manufar da aka bayyana ita ce wani babban zobe na dogo da zai haɗa Abijan da Wagadugu da Yamai da Kwatano da Lome. An yi ta ɗokin jirgi ya isa Dosso kafin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2014, wanda aka yi wa laƙabi da Dosso Sogha, amma sai ranar 29 ga Janairun 2016 aka yi bikin kammala kilomita 143 da ke tsakanin garuruwan biyu, makonni uku kafin zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu. Masu adawa sun faɗi abin da za su faɗa a kan wannan kusanci na ranaku, ni dai ba shi ne abin da na zo tattaunawa ba.

Abin da ya tsayar da aikin ya faru ne a ƙetaren iyaka. Wani attajirin Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi aka fara bai wa haƙƙin gina layin Kwatano zuwa Yamai tun kafin Bolloré ya shigo, ya kuma kai ƙara. A watan Nuwamban 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya ta hana Bolloré ci gaba da aiki a ɓangaren Benin, a 2017 kuma kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin. A 2018 Shugaba Patrice Talon ya fito ya ce ya fi son a bai wa ƙasar Sin aikin. Daga nan sai shiru. A ƙarshen 2022 Bolloré ya sayar da harkokinsa na sufuri da tashoshin ruwa a Afirka ga kamfanin jiragen ruwa na MSC, a 2023 kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyakar Nijar da Benin. Sakamakon duk wannan shi ne layin Yamai zuwa Dosso ya zama tsibiri, bai haɗu da kowane layi ba ta gabas ko ta yamma, kuma bai taɓa yin jigilar fasinja ko kaya ta kasuwanci a kai a kai ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ne farkon abin da na gyara wa ƴan fada. A daftarin da malamin ya rubuta ya yi amfani da kalmar "sake buɗewa", kuma kalmar tana ɓoye wata matsala. Tashar da ta yi shekaru tana aiki aka rufe ta tana barin tarihi a baya: akwai littafin tikiti da zai nuna mutum nawa suke hawa ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, akwai tsofaffin ma'aikata da suka san inda ruwa ke cin hanya da damina, akwai kuma jama'ar da suka saba da lokacin jirgi suka gina rayuwarsu a kansa. Tashar Dosso ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk wanda zai buɗe ta zai fara ne daga tushe, da ƙiyasi kawai a hannunsa. Ginin tasha yana tsaye, ƙarfe yana kwance, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wane ne fasinjan?

Na fara da lokaci, domin shi ne abin da ma'aikaci ba zai iya ƙarawa ba. A ƙaddara jirgin yana tafiyar kilomita 60 a awa idan aka haɗa da tsaye-tsayensa, wanda kyautata zato ne ga layi mai hanya ɗaya da ya daɗe ba a bi ba. Kilomita 143 za su ci awa 2 da kusan minti 25. A ƙara tafiya daga gida zuwa tashar Dosso, da jiran jirgi, da neman taksi ko faba-faba, ƙananan motocin haya na cikin gari, daga tashar Yamai zuwa wurin aiki, sai a ga cewa wanda zai shiga aji da ƙarfe 8 dole ya bar gidansa wajen ƙarfe 4 da rabi, tun ba a kira sallar asuba ba, kuma ba zai sake ganin ƙofar gidan ba sai bayan isha'i. Kusan awa bakwai ke nan a hanya kowace rana. Ƴaƴan da ya yi wannan wahala dominsu zai bar su suna barci ya dawo ya tarar da su suna barci.

Sai kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun farkon 2024, wato jika 42. A ƙaddara tikitin zuwa jika 2 ne, na dawowa ma haka: jika 4 a rana, a kwanakin aiki 22 jika 88, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi, ba a sa kuɗin taksi ba. Ko da an karya farashin zuwa jika 1, abin da zai tashi a wata jika 44 ne. Malaminmu albashinsa ya fi wannan, amma da muka ajiye kuɗin hayar ɗakinsa na Talladje kusa da wannan lissafi, shi da kansa ya ga cewa jirgin kullum ba zai rage masa komai ba. Idan kuma gwamnati za ta cike giɓin ta sa tikiti ya yi arha sosai, to kowace safiya baitulmali ne zai biya yawancin kuɗin kujerarsa, kuma dole a tambayi daga wane aljihu za a ciro, na makaranta ko na asibiti.

Wannan ya kai ni ga duba waɗanda suke bin hanyar a zahiri. Duk wanda ya tsaya a tashar Wadata ko a harabar kamfanonin manyan motoci da yammacin Juma'a, lokacin da ma'aikatun gwamnati suka tashi da wuri, zai ga irin malaminmu da yawa da ƴar jakarsu a kafaɗa, zai kuma sake ganinsu suna sauka da yammacin Lahadi ko da sanyin safiyar Litinin. Matafiyan mako-mako ne. Bayansu akwai ƴan kasuwa masu zuwa sarin kaya a Babbar Kasuwa ko Katako su juya, da marasa lafiya da aka turo manyan asibitocin Yamai tare da masu jinyarsu, da ɗalibai a farkon hutu da ƙarshensa, har da masu tafiya ta ɗaya fuskar tun da aka kafa jami'ar Dosso a 2014. Dukkansu fasinjoji ne na gaske, amma babu wanda yake tafiya kullum a sa'a guda, kuma yawancinsu suna ɗauke da kaya, buhun gero ko kwalin kanti ko katifa, wanda mota take ajiye musu kusa da ƙofar gida. A ƙidayar 2012 Yamai ta ɗan haura mutum miliyan ɗaya, Dosso kuwa ba ta kai dubu ɗari ba, kuma garin da bai kai wannan adadi ba da wuya ya fitar da ɗaruruwan mutanen da za su cika taragu kowace asuba zuwa wuri mai nisan kilomita 143.

Akwai wani abu kuma da wanda bai yi aikin sufuri ba zai iya mantawa da shi. Dosso mararraba ce. Duk motar da ta tashi daga Yamai za ta Dogon Dutsi, ko Birnin Ƙonni, ko Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Gaya, ta Dosso take bi a kan babbar hanya ta ɗaya. Kamfanoni irin su Rimbo da Al Izza da STM ba sa tayar da mota domin fasinjan Dosso kaɗai, tafiyarsu za su yi ko da shi ko babu shi, saboda haka kujerar da ya zauna a kai riba ce kawai a wurinsu, kuma suna iya karya farashinta duk ranar da suka ga abokin gasa. Ga kuma ƙananan motoci da ke tashi da zarar sun cika. Jirgi ɗaya da ke tashi sau ɗaya a rana zai yi takara ne da motocin da ke wucewa daga asuba har dare, kuma wanda ya makara da minti biyar ya rasa shi sai gobe.

Masu zirga-zirgar kullum na gaske suna nan, amma a bakin Yamai suke, ba a Dosso ba: mazauna unguwannin hanyar filin jirgin sama, da Libore, da sababbin matsugunan da birni ke ta miƙewa zuwa gare su saboda tsadar fili a tsakiya. Waɗannan su ne suke cika faba-faba kowace safiya. Sai dai ɓangaren layin da zai yi musu amfani shi ne wanda ya fi jawo ƙorafi tun ranar da aka shimfiɗa shi, domin an bi da shi ta hanyar filin jirgin sama, ya raba unguwanni, ya takura wa masu mota da masu babur wajen tsallakawa, har jama'a suka yi ta kiran a cire shi. Idan jirgi ba zai shiga tsakiyar gari ba, ya tsaya a bakin gari fasinja ya sake neman mota, to rabin amfaninsa ya tafi. Idan kuma zai shiga, to duk lokacin da zai wuce sai an tsayar da motoci a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a birnin.

Wani daga cikinmu ya kawo misalin Dakar, inda jirgin ƙasa mai sauri da ake kira TER ya fara aiki a Disamban 2021 yana kuma cika maƙil. Gaskiya ne, amma kashinsa na farko zuwa Diamniadio kilomita 36 ne kacal, yana ratsa unguwanni masu cunkoson jama'a irin su Pikine da Rufisque, a kan layi biyu da aka killace, jirgi na bin jirgi cikin ƴan mintuna. Misalin da ya fi kama da namu shi ne jirgin cikin birnin Abuja, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024. Babban abin da aka yi ta kuka da shi a can shi ne tashoshin sun yi nisa da inda mutane suke zaune, har sai da aka gina musu hanyoyin shiga aka kuma bar mutane su hau kyauta domin a jawo su. Wannan a birnin da ya fi Yamai yawan jama'a da kuɗi ke nan.

Abin da buɗewar za ta buƙata

Layin dogo ba ya jiran mai shi. Kusan shekara goma ƙarafunan suna shan zafin bazara da ruwan damina, rairayi yana rufe wasu wurare, koramu suna cin ƙasar da ke ƙarƙashin wasu. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke hanyar Dosso a wajen Sorey har Yamai ta yi kwanaki kusan a katse da gabashin ƙasa, kuma ruwan da ya iya cin kwalta ba zai ƙyale tsakuwar da ke riƙe da dogo ba. Kafin a ɗora ran mutum ɗaya a kan wannan layi sai injiniyoyi sun bi shi taku-taku, sun duba kowace gada da kowane kwalbati da kowace ƙusa. Sannan ga wuraren da hanyar mota ko burtalin shanu ya ratsa dogo, waɗanda kowannensu ke buƙatar shinge ko mai gadi, a yankin da jama'a suka saba ganin ƙarfen a matsayin abin da ba ya motsi. A wajen Kure ma har da raƙuman dawa, waɗanda su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, suna yawo a filin da layin ya bi.

Ko an gyara ƙarfe, jirgi mutane ne ke tafiyar da shi. Ana buƙatar direbobi, da masu ba da hannu, da makanikai, da masu duba layi kowace safiya, da garejin gyara, da kayan gyara waɗanda dole a kawo su a bayan babbar mota tunda layin bai haɗu da ko'ina ba. Duk waɗannan kuɗaɗe ne da za a biya ko jirgi ya cika ko ya tafi fanko. A yawancin layukan dogo na nahiyarmu kaya ne suke riƙe da layi, fasinja yana raɓawa ne a inuwarsu, kuma nan ne tsibirin namu ya fi rauni. Babu ɗan kasuwar da zai sauke kwantena daga motar da ta taso daga bakin teku a Dosso, ya biya kuɗin lodi a jirgi, ya sake biyan kuɗin saukewa da wata motar a Yamai, domin kilomita 143 da motar farko za ta ƙarasa cikin awa uku. Tashar kaya ta tsandauri da aka tsara a Dosso za ta yi ma'ana ne ranar da jirgi ya iso mata daga teku.

Sai maganar faɗin layi, wadda ƴan fada suka ɗauka ƙaramar magana ce ta masana. An shimfiɗa layin Dosso da tazarar mita ɗaya tsakanin ƙarafunan biyu, kuma hujjar kamfanin ita ce haka tsofaffin layukan Benin da Burkina Faso da Kot Dibuwa suke, don haka sai da wannan ma'auni za a iya haɗewa da su. Masu suka tun a lokacin sun ce an kawo mana tsohon yayi. Sababbin layukan yankin kuwa da ma'aunin milimita 1,435 ake gina su, har da na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Jirgin wannan ma'auni ba ya hawa wancan. Idan wata rana aka yanke shawarar haɗa Maraɗi da Dosso da Yamai da babban ma'auni, duk kan jirgi da taragun da aka saya yau domin ƙaramin ma'auni sun zama kayan ajiya. Ba daidai ba ne a kashe miliyoyi a kan layin da ba a riga an yanke makomar faɗinsa ba.

Tsaro ma dole a ambace shi ko da a taƙaice. A Kure ne aka kashe mutum takwas ranar 9 ga Agustan 2020, shida Faransawa ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna yadda jirgi mai tafiya a sanannen lokaci a kan sananniyar hanya yake zama abin hari. Jirgin ma'aikata kuwa a cikin duhu zai tafi, a cikin duhu zai dawo.

Hujjojin masu son a buɗe ba su da rauni duka, kuma na faɗa wa fada haka. Babbar hanya ta ɗaya tana cin rayuka, kusan babu gidan da bai yi zaman makoki saboda haɗarin mota a kanta ba, jirgi kuwa ya fi mota aminci nesa ba kusa ba. Abin da ba a amfani da shi lalacewa yake yi, kuma kowace damina da ta wuce tana ƙara kuɗin gyaran gobe. Akwai kuma masu cewa sufuri shi ke haifar da fasinja, idan jirgi ya zo mutane za su gina gidaje kusa da tashoshi, Birnin Gaure da Kure su bunƙasa, Yamai ta sami sauƙin cunkoso. Wannan ya faru a wasu ƙasashe, amma a tazarar da mutum zai iya zuwa aiki cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Hujjar da ban karɓa ba ita ce wadda aka fi maimaitawa, cewa tunda an riga an kashe kuɗi dole a ci gaba. Kuɗin da aka kashe a 2014 da 2015 sun tafi, ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, kuma tambayar da ke gabanmu ita ce ko jikar da za a kashe gobe za ta fi amfani a nan ko a wani wuri.

Shawarar da na bayar

Na ce wa ƴan fada kada mu nemi jirgin kullum, domin ko an ba mu ba za mu iya hawansa ba, kuma jirgin da aka buɗe da kiɗa ya tsaya bayan wata shida zai kashe maganar dogo a zukatan mutane fiye da yadda shirun yanzu ya kashe ta. Abin da ya kamata takardarmu ta nema da farko shi ne hukuma ta fito ta bayyana wa jama'a wane ne mai layin a yau, wa ke da alhakin tsaronsa, da kuma matsayin yarjejeniyar da aka gina shi a kanta, tunda babu mai zuba kuɗi a gonar da ake shari'a a kanta. Bayan wannan a sa injiniyoyi su duba layin daga Dosso zuwa bakin Yamai a buga sakamakon kowa ya gani, a kuma ƙirga matafiya a tashoshin mota na garuruwan biyu na tsawon makonni, da rani da damina, a san su wane ne, ina za su, sau nawa suke tafiya. Wannan aiki ne da ɗaliban jami'ar Dosso za su iya yi da kuɗi kaɗan.

Abin da na fi nanatawa shi ne filin. Ƙarfe ana iya canza shi, faɗin layi ana iya sauya shi, amma idan aka bar mutane suka yanka filaye suka yi gini a kan hanyar dogo da kewayen tashar Dosso, ranar da layin Gaya ko na Maraɗi ya iso sai an biya diyya an rushe gidaje kafin a wuce. Kare wannan fili, da sa mai gadi a tasha, da ba da hayar ginin ga wani aiki na wucin gadi da zai hana shi zama kango, ba sa buƙatar kan jirgi ko ɗaya. Idan kuma binciken injiniyoyi ya nuna gyaran bai fi ƙarfinmu ba, ƙidayar matafiya ta kuma goyi baya, to gwajin da ya dace da yadda mutanenmu suke tafiya shi ne jirgin ƙarshen mako, ya tashi daga Yamai bayan sallar Juma'a ya juyo da yammacin Lahadi, da tarago guda na kaya, da rana tsaka ba cikin duhu ba, a kuma faɗi tun farko adadin fasinjan da idan ba a samu ba za a dakatar.

Malamin bai ji daɗin wannan ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce mini, yaya, ka ɗauki jirgina ka ba ni mai gadi. Na ce masa jirgin Juma'a nasa ne fiye da na kowa, tunda da ma ranar yake tafiya. Bayan kwana biyu ya dawo da daftarin ya goge kalmar "sake", ya kuma ƙara wani sakin layi da ban yi tunaninsa ba, inda ya roƙi ma'aikatar ilimi ta riƙa duba inda iyalin malami suke kafin ta tura shi wurin aiki. Mutum goma sha ɗaya suka sa hannu a takardar, uku suka ƙi, suna cewa ko dai jirgin kullum ko kuwa a bar maganar.